Albashin ya shigo gida, dalmar ma ta biyo shi a jikin riga

Ina da ɗan shagon kemis a Odogunyan, can ƙarshen Ikorodu in ka miƙi hanyar Sagamu, kuma duk wanda ya taɓa kwana a yankin nan ya san yadda gari ke waye mana, in ka bar bokitin ruwa a buɗe da dare, da safe zaka tarar wani baƙin abu ya kwanta a samansa kamar an barbaɗa toka. Daga nan zuwa Ogijo ba nisa, iyakar Legas da Ogun ce kawai ta raba, kamfanonin narka ƙarfe da na tsofaffin batura jere suke a bakin titin, iska kuma duk inda ta ga dama take kai hayaƙin. Labarin gida ɗaya zan bayar, gidan ɗan yayata. Na san shi ciki da waje don ni na samo masa aikin, ni kuma na yi ta sayar masa da magani wata da watanni ban gane abinda ke cinsa ba. Ba zan kama sunansa ba, na kamfanin ma haka.

Mu 'yan Kakuri ne a Kaduna, a cikin ƙarar jiniyar masaƙa muka tashi. Masaƙar KTL tun 1957 take aiki, aka rufe ta a 2002, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007. Babanmu a ɗaya daga cikin masaƙun nan ya ƙare ƙarfinsa, ya fito da tarin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah, ƙurar auduga ce ta cika masa ƙirji. Amma wallahi duk mu tara da katin kilinik ɗin kamfani aka raine mu, ba wanda ya mutu da ƙyanda ko gudawa a gidanmu, alhali 'yan uwanmu na ƙauye kusan kowace damina sai an yi jana'izar yaro. Ranar da jiniya ta daina kuka a Kakuri ni na ga abinda ya biyo baya, magidanta suna zaune a gindin bishiya, hawan jini yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, samari kuma suka watse Legas da Fatakwal da Abuja. Shi yasa har gobe in na ji wani yana zagin masana'antu gaba ɗaya sai in ji bai taɓa zama a garin da masana'anta ta mutu ba.

Ɗan yayar nan tawa acaɓa yake yi tsakanin Ketu da Mile 12. Gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, a Satumba aka ƙara wasu huɗu har da Kosofe inda yake, ba a jima ba aka kama mashin ɗinsa, ko gama biyan kuɗinsa bai yi ba. Ya zo shagona ya zauna a benci har magariba bai ce komai ba, sai da zan rufe yace Kawu ko dako ne ka samo min, matata na gida Kaduna da yarinya ban tura musu ko sisi ba wata biyu. Akwai wani ɗan kwangila da ke sayen maganin ulsa a wajena, shi ke kai wa kamfanoni lebura, na yi masa magana, kwana uku aka ce ya zo ya fara.

Aikin fasa batir ne. Tirela ke kawo su daga wajen 'yan gwangwan, na mota, na babbar mota, na inbata da sola. A ɗauki adda ko gatari a sare saman batirin, a tuntsurar da ruwan batir ɗin ya bi kwata, a zazzage farantan dalma da baƙin kwaɓin da ke jikinsu a tara su tsibi guda. In kwaɓin nan ya bushe gari yake komawa, mai laushi kamar kwalli, shi ake kwasa da shebur a zuba a tanderu. Dalma bata da taurin kai, a maki 327 na zafi ta narke, tanderun kuwa ya ninka haka, to wani kaso nata hayaƙi yake zama ya tashi. Abinda ya narke a zuba a mazubi ya daskare kamar sandar sabulu, a loda a kwantena sai tashar Apapa, a kai ƙasashen waje a sake yin sabon batir da shi. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce, kuma mafi yawan dalmar da duniya ke amfani da ita a batir take ƙarewa, shi yasa kasuwar bata taɓa mutuwa. Awa goma sha biyu yake yi, sati ɗaya rana sati ɗaya dare. Kayan kariya kuwa takalmin roba, safar hannu da ke yagewa cikin kwana biyu, da takunkumin yadi irin na lokacin korona. Sai gwangwanin madara da ake basu, wai tana wanke guba.

Dole in faɗi alherin da na gani da idona, don in na ɓoye shi na yi ƙarya. Cikin wata shida ya kama ɗaki, ya ɗauko matarsa, ya sa yarinyar a makaranta. Yarinyar nan da ta zo gashinta ja ne, ƙafafu kamar sillen kara, kafin shekara ta murje saboda yanzu akwai kifi a miya, akwai ƙwai, akwai wake, ruwan leda suke sha ba na rijiya ba. Matar ta samu ciki ta riƙa zuwa awo ba fashi. Ranar haihuwa jini ya ɓalle mata da tsakar dare, aka ce sai tiyata, kuɗin adashen da yake zubawa daga albashin nan su aka ajiye kafin a taɓa ta. Ina tsaye a baranda aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi nan take, fitilar ɗakin tiyata bata ko ƙifta ba saboda baturan inbata ne ke riƙe da ita. Aka ƙara mata jini leda biyu, aka fito da yaro namiji lafiya lau. Da a ƙauyensu wannan naƙuda ta same ta, Allah ne masani, amma ni na san yadda irinta ke ƙarewa.

Kuma in na juya na kalli kantar shagona, me ke kai? Farasitamol, gishirin ORS, maganin malariya, sirinji, auduga, da yawansu a Ikeja da Isolo da Ota da Agbara ake yinsu. Maƙoƙo da muke gani a wuyan mata muna yara yanzu sai ka daɗe baka ga mai shi ba, saboda tun 1993 doka ta ce a sa aidin a gishiri, kuma a masana'anta ake sawa ba a tukunyar kowa ba. Haka bitamin A da ake zubawa a fulawa da suga da man girki. Duk wannan lafiya ce da injin ya kawo, ba wanda zai ce min a'a.

To a shekara ta biyu ne ciwon ciki ya fara. Irin murɗar nan da mutum zai duƙe ya riƙe cibiya, ga bushewar ciki sai ya yi kwana huɗu bai zaga ba. Na bashi maganin ulsa. Ya dawo da ciwon kai da kasala, na ce malariya ce. Aka yi gwajin taifod a wani ɗan lab, kun san yadda gwajin nan yake, kusan kowa aka yi wa sai an ce yana da ita, na haɗa masa maganin kwana goma. Wani ya ce basir ne aka kawo masa jiƙo daga Agege, ya sha har ya rame. Yace min Kawu bakina kullum kamar na tsotsi ƙusa. Na ji maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Matarsa kuma ta zo ta same ni a ɓoye tana hawaye, tace Kawu ɗanku ya canza, abu kaɗan sai faɗa, ya ajiye abu ya manta inda ya ajiye, ko dai wani ya yi masa sammu ne a wajen aiki. Mutumin da tun yana yaro ba a taɓa jin muryarsa ta ɗaga ba. Duk wannan a gabana, kuma ban haɗa shi da aikinsa ba ko sau ɗaya, a tunanina in kamfani zai cutar da mutum to tari ne irin na babanmu ko injin ya cire yatsa.

Yaron ne ya tona abin. Ya kusa shekara biyu, da ya fara cewa Baba da Mama da ruwa, sai ya yi shiru, baya son abinci, tafin hannunsa fari fat, kuka ba dalili. Rannan da asuba ya kama jijjiga kuma jikinsa ba zafi. Muka kwashe shi sai asibiti. Likitan da Allah ya haɗa mu da shi ya yi bautar ƙasa a Zamfara, yana ɗan jin Hausa, bayan an tsayar da jijjigar ya kalli uban yace Malam wane aiki kake yi. Tambayar kenan da ni ban yi ba, lab bai yi ba, mai jiƙo bai yi ba. Da ya ji amsa sai yace buɗe bakinka, ya ɗaga masa leɓe ya kira ni in gani, wani siririn layi mai duhu kamar an ja da fensir a inda haƙori ya haɗu da dasashi. Yace ya miƙa hannu ya ɗaga tafin sama, na dama ya ƙi ɗaguwa sosai. Ya rubuta mana gwajin dalma a jini na gidan gaba ɗaya.

Samun inda ake gwajin ma aiki ne, sai da muka shiga har cikin gari wani lab mai zaman kansa, kuɗin mutum huɗu ya kusa cinye albashin wata. Sakamako ya fito duk su huɗun suna da ita. Don a gane lissafin, da maikirogiram a cikin desilita ɗaya na jini ake aunawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 5 a tashi a nemo inda gubar ke shigowa a toshe, kuma ta ce babu wani adadin da za a kira shi lafiya, a Amurka ma tun 2021 daga 3.5 suke fara bibiyar yaro. In yaro ya kai 45 ana maganar bashi maganin da ke janyo dalmar daga jini. Yaronmu ya wuce 45 ɗin. Uban ya fi kowa. Uwar da yarinyar nasu da sauƙi amma duk sun haye 5 nesa ba kusa ba.

Yaron da ko ƙofar kamfani bai sani ba ta ina ya samu? Na je ɗakin na zauna na kalli yadda suke rayuwa, abin ya fito fili. Babu wajen wanka a wajen aiki, babu wajen canza kaya, da rigar da ya yi awa goma sha biyu a cikin ƙura yake dawowa. Yana ɗaga labule yaron zai rarrafo ya rungume ƙafarsa, ya ɗauke shi ya ɗora a kafaɗa, yaron ya cusa fuska a wuyan rigar. Takalmin roba a bayan ƙofa, kusa da tabarmar da yaron ke wasa yana tsintar abu yana kaiwa baki. Uwar a baho ɗaya take wanke kayan aikin da na yara, ta zubar da ruwan a ƙofar ɗaki. Ga kuma hayaƙin da ke sauka a unguwar da dare wanda ba ruwansa da ko gidanku akwai ma'aikaci. Ƙaramin yaro jikinsa yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, jiki kuma ɗaukarta yake kamar sinadarin ƙashi ne, ya kai ta ƙashi da haƙori ya ajiye shekara da shekaru, in mace ta samu ciki sai ta sake fitowa ta shiga jikin ɗan tayi. Ƙwaƙwalwar da ke kan girma ita ta fi taɓawa, kuma abinda ta lalata a nan baya dawowa yadda yake. Madarar nan kuwa da ake raba musu, abinci ce mai kyau amma bata wanke komai, hankalinsu kawai take kwantarwa.

Mu Hausawa bai kamata dalma ta zama baƙuwa a wajenmu ba. A 2010 a Zamfara, ƙauyukan Anka da Bukkuyum irinsu Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara sama da 400 suka mutu saboda ana daka dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo suka yi shekaru suna aiki. A 2015 aka sake yi a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Duk mun ji a rediyo, mun yi jimami, sai muka ajiye abin a matsayin matsalar masu haƙar zinare a daji. Ba wanda ya ce mana batirin da yaranmu 'yan gwangwan ke fasawa a Owode Onirin da Alaba Rago da bayan gidaje, su zubar da ruwan su ɗauki farantan da hannu su zo su ci tuwo, dalma ɗaya ce. Kwallin gargajiya na dutse da ake ranbaɗa wa jarirai ma da yawansa dalma ne, ranar na sa uwar yaron ta jefar da nata.

Darasin Zamfara shi likitan ya bi da mu, yace magani banza ne in yaro zai koma cikin ƙurar, can ma sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani. Aka kwantar da yaron aka bashi maganin, aka haɗa da na ƙarin jini don ƙarancin jini yana sa hanji ya ƙara zuƙar dalma. Muka kwashe uwar da yaran zuwa gidan ƙanwata a Agege, aka ƙone tabarma da katifar. Uban kuma aka ce ya bar aikin.

Nan ne aka kai ruwa rana. Yace Kawu in na bari me za su ci, maganin ma da me za a saya, gaba kura ce baya sayaki. Ya je wajen ɗan kwangilar da takardar gwaji, aka ce masa shi ba ma'aikacin kamfani ba ne, lebura ne na kullum, ba sunansa a ko'ina. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, ta haɗa har da cutar da aiki ya jawo, amma mutumin da ko katin shaida bashi da shi, ko takardar albashi ɗaya bai taɓa riƙewa ba, ta ina zai fara? Sai da ya ƙara sati uku a ciki kafin muka haɗa masa ɗan jari ni da 'yan unguwarmu na Kakuri da ke nan.

Abinda ya fi ci min rai, kuma shi ne ra'ayina a kan lamarin gaba ɗaya, cutar nan ba dole ba ce. Ana narka batir a ƙasashe da yawa ba tare da an kashe unguwa ba, injin ke fasa batirin a rufe, a tara ruwan a kashe kaifinsa, a sa matatar da ke kama ƙura kafin hayaƙi ya fita, a riƙa jiƙa ƙasa kada gari ya tashi, a gwada jinin ma'aikata lokaci lokaci a janye wanda nasa ya hau. Matatar tana da tsada, na yarda. Amma famfon wanka da sabulu da kaya kala biyu da akwatin ajiye su, nawa ne a wajen mai loda kwantena da dala? Wannan kaɗai da ya tsare yaronmu daga mafi yawan abinda ya shiga jikinsa. An bar shi ne saboda an san wanda zai kwashi cutar bai san sunanta ba, in ya faɗi gobe akwai goma a bakin get suna jira. Tun gobarar wata masana'antar roba a nan Odogunyan a 2002, inda ma'aikatan dare da yawa suka ƙone a bayan ƙofar da aka kulle, ake wannan magana. Bankin Duniya ma ya ƙiyasta gurɓatacciyar iska ta kashe mutum kusan 11,200 a Legas a 2018 kaɗai, kashi 60 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, duk da cewa a nan motoci da janareta suna da babban kaso ba masana'antu kaɗai ba.

Dokoki akwai su, hukumar kare muhalli ta ƙasa NESREA ta fitar da ƙa'idar batir a 2024, kuma a 2025 bayan an gwada jinin mutanen Ogijo labarin ya fita duniya, hukumomi sun rufe wasu kamfanonin. Na yi murna, amma ranar da aka rufe na ga samarinmu zaune a bakin titi da ledar kayansu, fuskokin Kakuri na sake gani. Kuma batir ba zai daina mutuwa ba, kowa yanzu sola yake sawa, in babu kamfani mai tsabta da zai karɓa to a bayan gida za a narka shi a cikin rabin duro, wanda ya fi muni. Ni gyara nake so a tilasta musu, a gwada ma'aikata da yaran unguwa kyauta, a kankare ƙasar makarantu da gidajen da ke kusa, mai kamfani ya biya.

Yanzu ɗan yayata albasa da tattasai yake sarowa a Mile 12 yana kasawa, abinda yake samu bai kai albashin can ba, an cire yarinyar daga makarantar kuɗi an mayar da ita ta gwamnati. Ciwon cikin ya tafi, hannun yana dawowa a hankali, hawan jini ne ya saura masa yana shan magani. Yaron an sake gwada shi sau biyu, lambar tana sauka amma bata kai inda ake so ba, likita yace wadda ta shige ƙashi a hankali take fitowa, sai an yi ta bibiya. Ya fara magana, kalma ɗaɗɗaya, sa'anninsa suna haɗa zance. Uwar kullum tambayarta ɗaya, Kawu zai yi karatu kuwa, ni kuma in ce mu ci gaba da addu'a da kai shi asibiti. A shago kuwa duk wanda ya shigo min da ciwon ciki da kasala, kafin in miƙa hannu kan kanta sai na tambaye shi inda yake aiki, kuma daga watan azumi zuwa yau mutum biyar na tura gwaji.